DARASI: IN WASIYYA TA BAR MACE DA MARAYU A BANZA

Abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi, wani abokin cinikinmu ne da muka daɗe muna kora shanu tare daga Gushegu zuwa Kumasi. Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in sai ga ƙaninsa da takarda, wai wasiyya ce, garke duka nasa. Amarya da yara uku ƙanana, ko ɗan maraƙi ba a ambata musu ba. To, ina mafita?

Mu fara da abin da muka karanta a gaban malamai. Farko a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga mai gado sai in sauran magada sun yarda. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da sumuni, in mata huɗu ne su raba shi. Wannan takarda kam, a gaban malami ba za ta tsaya ba.

Amma kotun Gana da dokar Gana take aiki. Dokar Wasiyya ta 1971, mai lamba 360, ta ce sai an rubuta wasiyya, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda. In bai iya karatun boko ba, kamar yawancinmu, dole wani ya karanta masa ya fassara, kuma a rubuta cewa an yi hakan. In ba a yi ba, ko kuwa an sa shi dangwalawa yana magagin ciwo, ko an tilasta shi, akwai hujjar rushe takardar.

Ko da takardar ta inganta, ƙofa ba ta rufe ba. Sashe na 13 na dokar ya ba uwa, uba, mata ko miji, da ɗan da bai kai shekara 18 ba damar zuwa Babbar Kotu su nemi a ɗebar musu abin rufin asiri daga dukiyar, in rashinsa zai jefa su cikin ƙunci. Mu nan Tamale za mu nufa, mutanen Bawku kuma Bolgatanga. Wa'adi shekara 3 ne daga ranar da kotu ta tabbatar da wasiyyar. A nan ne ake yin asara: takaba, kunya, "a bar wa Allah", kafin a farga lokaci ya wuce, shanun ma an loda su a mota. Tsarin mulkin 1992, sashe na 22, shi ma ya hana a bar matar mamaci hannu wofi, da wasiyya ko babu.

Sai dai a lura. In aka rushe wasiyya, dokar gado ta 1985, PNDCL 111, ita kotu za ta bi, kuma Musulmi ma tana kansa. Kayan ɗaki da gida guda na mata da 'ya'ya ne. Saura a kasa 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, dangi bisa al'ada 2, kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Wanda ke son a raba nasa bisa fara'il, sai ya je wurin lauya tun da ransa ya sa a rubuta hakan.

Babbar matsalarmu ma ita ce, dukiyarmu tafiya take da ƙafa. Wasu shanun na hannun makiyayi a daji, wasu na can Burkina, ga bashin mahauta a Kumasi da ba wanda ya san adadinsa sai mamaci. A maganar abokinmu, dattawan kara ne suka zauna da Bafulatanin da ke masa kiwo, aka ƙirga kai da kai, aka rubuta a gaban limami. Da ƙanin ya ji an ambaci Tamale, sai ya nemi sulhu.