Tsohuwar Dabba da Barcinta: Jan Hankali ga Masu Kiwo a Jos

Jama'a masu kiwo, ku sani dabba ma tana tsufa, kuma tsufan yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Doki in ya ba shekara 20 baya, ko kare ya haura 10, sai ka ga barcinsa ya sauya. Da an ga haka, mai dabba sai ya garzaya kasuwa neman "bitamin". To, a dakata tukuna.

Mu ɗauki doki. Kowa ya san yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi ba ya samuwa sai ya kwanta, ko da na rabin awa ne a rana. Tsohon dokin da gaɓoɓinsa ke ciwo yana tsoron kwanciya, don ya san tashi zai yi masa wuya. Sai ya yi kwanaki a tsaye, har ka ga gwiwoyinsa na gaba suna lanƙwashewa, ya kusa kifewa. Wani ya ce iska ce ta buge shi, alhali bashin barci ne. Garin Jos kuwa yana kan tudun da ya haura mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu yana ƙara tsananta ciwon gaɓɓai. Busasshiyar shimfiɗa mai kauri da zana mai tare iska sun fi masa kwalbar magani amfani. A duba haƙoransa kuma, domin in sun cinye ba zai iya tauna harawa ba. Sai a jiƙa masa dusa.

Ba a ce ƙarin sinadari banza ne ba. Iyayenmu sun daɗe suna ba dabbobi kanwa da gishiri, kuma sun san abin da suke yi. Saniyar da ke gwaigwayar ƙashi sau da yawa sinadarin fosfaras ne ya yi mata ƙaranci, gishirin lasa mai fosfaras zai taimaka. Ragon da aka cika wa hatsi don gaggawar Sallah yana iya rasa bitamin B1, ya makance, ya riƙa ɗaga kai sama. Allurar likita da wuri tana ceto shi. Amma ƙari yana aiki ne inda akwai rashi. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kada a saya, kuma kada a ba dabba maganin mutane: Panadol yana kashe kyanwa.

Batun kare ya fi buƙatar hattara. Tsohon kare yakan rikice, ya yini yana barci, ya kwana yana zagaye da haushi, amma wannan a hankali yake zuwa, cikin watanni. In kuwa halinsa ya juye cikin 'yan kwanaki, yana dalalar da miyau, yana kai cizo, to a zargi ciwon hauka. A killace shi, wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya tafi asibiti nan take.

Mu mutanen Filato ba mu da uzuri. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, kusa da mu. Kafin ka kashe kuɗinka a kan kwalba, kai tsohuwar dabbarka likitan dabbobi ya duba ta.