Lambu a Baranda: Jan Hankali ga Mazauna Birni

Jama'a, a yau mutane da yawa a birane ba su da ko taku ɗaya na ƙasar da za su kira tasu. A Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, ma'aikaci yakan kama haya a saman bene, tsakar gidansa kuwa ita ce 'yar barandar da ake shanya. Wanda yake ƙasa ma an malale masa ko'ina da siminti. Saboda haka ɗan alayyafon da kakanninmu suke tsinkowa a bayan ɗaki, yanzu sai an kwance bakin zane an saya. An rubuta wannan takarda ne don a nuna cewa rashin fili ba ya hana mutum shuka ganyen miyarsa.

Kiran ba sabo ba ne. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin noma don ciyar da ƙasa, inda aka roƙi kowane gida da kowace makaranta su yi ɗan lambu. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Matan aure ba su manta yadda miya ta koma a wannan shekara ba.

Amma kada a ruɗe ku. Baranda ba za ta maye gurbin gonakin Kadawa ba, bokiti goma kuma ba za su raba ku da kasuwar Yankaba ba. Abin da za su yi shi ne su rage kuɗin cefane, su ba ku ganye ɗanye wanda kun san ruwan da ya sha. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu lambunan gefen gari da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa.

Da farko a duba rana. Tumatir da attarugu da tattasai da kuɓewa suna son hantsi mai kyau, aƙalla awa 6 a yini. Idan barandarku ba ta samun haka, ku haƙura da su, ku shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da salak da lansir, waɗanda rabin wannan ma yakan ishe su. Baranda mai kallon gabas ta fi daɗi, domin ta sha ranar safe ta tsira daga ta la'asar.

Mazubi kuwa ba sai an saya ba. Bokitin fenti mai lita 20, jarkar da aka yanke bakinta, tsohon baho, tukunyar ƙasa da ta tsage, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna aiki. Sai dai a guji duk mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki. Ganye irin su alayyafo da salak zurfin ɗani ɗaya ya ishe su. Tumatir da kuɓewa sai ɗani biyu, kuma gindi ɗaya tak a bokiti ɗaya. A gasa ƙusa a huda gindin mazubin wuri biyar ko shida. Wanda ya ƙi yin wannan, saiwar shukarsa za ta ruɓe, ya zo yana cewa ba shi da hannun shuka, alhali rami ne bai huda ba.

A nan ne ya kamata a natsu, wato wajen haɗa ƙasa, domin yawancin masu faɗuwa a nan suke faɗuwa. Laka zalla takan daskare a cikin bokiti ta shaƙe saiwa. Rairayi zalla ba ya riƙe ruwa. A samo ƙasar gona kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, taki kashi ɗaya, a cakuɗa su sosai. Takin kuwa dole ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, yakan ƙone tsiro cikin 'yan kwanaki. Kashin awaki da na tumaki da ya kwana biyu shi ya fi sauƙin sha'ani, masu kiwo a unguwa kuma sau da yawa murna suke yi a kwashe musu. Tun da ƙasar bokiti kaɗan ce, ƙarfinta yana saurin ƙarewa, sai a riƙa ƙara tafi ɗaya na taki duk bayan mako uku ko huɗu.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da alayyafo. Irinsa ƙanana ne ainun, don haka a gauraya shi da rairayi a barbaɗa, kada a binne shi da zurfi. Cikin mako huɗu an fara tsinka, kuma idan aka yanke sama aka bar gindi zai sake tofowa. Na'a-na'a ba ta buƙatar iri ma: reshe ɗaya daga wadda aka sayo don shayi, a soka a ƙasa mai laima, ta kama. Sai dai a ba ta mazubinta ita kaɗai, domin ba ta da kara, mamaye maƙwabta take yi. Gindin albasa da aka saba zubarwa, idan aka dasa shi zai ba da lawashi. Tumatir shi ne mai yanga. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Kowace shuka da lokacinta. Salak da tumatir na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuɓewa da yakuwa da rama da lalo sun fi son damina. Da bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi yakan wuce digiri 40, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. A lokacin sai a yi inuwa da tsohon buhu, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Ban-ruwa da sassafe ake yi ko da yamma. A soka yatsa: idan ƙasar da laima, a dakata. Ruwan alwala da na wankin shinkafa kada a zubar, a tara a ba shuka. Ruwan omo da na gishiri kuwa kashe ta yake yi. Idan ƙwari suka sauka, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma, har ƙarƙashin ganye inda suke ɓuya. Kada a kuskura a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a kan abin da za a ci.

Saura haƙƙin jama'a, wanda shi ya fi komai muhimmanci ga mai zaman bene. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kai kusan kilo 30, wato guda goma sun kai nauyin buhun siminti shida. A jera su jikin bango, kada a tara su a bakin baranda, kada kuma a ɗora ko ɗaya a kan dogarin ƙarfe inda iska ko yaro zai ture shi kan mai wucewa. A sa faranti a ƙarƙashi don kada ruwa ya ɗiga kan shanyar na ƙasa, amma a riƙa zubar da abin da ya taru kullum, domin sauro yakan ƙyanƙyashe ya tashi a ruwa mai kwanciya cikin kwana 7 zuwa 10. Ɗan haya kuma ya nemi iznin mai gida tukuna.

Ya kai mai karatu, idan ka gama da wannan takarda ka karanta wa uwargida da yara, ka miƙa wa maƙwabcinka. Sa'an nan ka nemo bokiti biyu cikin makon nan, ka huda gindinsu, ka shuka alayyafo a ɗaya, na'a-na'a a ɗaya.