Zabura 112: Daga Ɗakin Sujada Zuwa Bakin Rumbu

'Yan'uwa, mu buɗe Littafi Mai Tsarki wurin Zabura 112. Ayoyinta 10 ne kaɗai. A harshen Ibraniyanci da Halleluya ta soma, watau kira a yabi Ubangiji. Amma daga nan ba ta ƙara zancen waƙa ko kiɗa ba. Sai maganar gida, da rance, da gaskiya cikin ma'amala, da kyauta ga matalauta.

Ita da Zabura 111 tagwaye ne. An tsara kowace bisa haruffa 22 na Ibraniyawa, kowane layi da harafinsa. Ta 111 tana nuna halin Allah, ta 112 kuwa halin mai tsoron Allah. Ku gwada aya 3 da 4 na wannan da na waccan: alheri da tausayi da adalcin da aka faɗa game da Allah, su aka sāke faɗa game da mutumin. Ɗa ya gaji Ubansa ke nan.

To, ina za a ga wannan gado? Mu ɗauki ƙasar Baure, cikin masarautar Daura, dab da iyakar Nijar, inda ake noman gero da dawa da wake da gyada a jigawa. Kowa ya san watan Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Sai maƙwabci ya yi sallama da almuru, don kada a gan shi, yana neman rancen tiya biyar. Akwai masu ba da ɗaya su karɓi biyu da kaka. Akwai masu auna masa da ƙaramin kwano, ran biya su fito da babba. Aya 5 ta yaba wa mai ba da rance da alheri, mai tafiyar da harkarsa bisa gaskiya. Fitowa 22:25 ta hana cin ruwa a kan matalauci, Littafin Firistoci 19:36 kuma ya umarta mudu ya zama na gaskiya. Ba mu ce sayar da hatsi da riba zunubi ba ne. Amma riba dabam, cin yunwar mutum dabam. Zaburar kuwa ba ta ce a tambayi addinin mai roƙo ba. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Watakila ba za su taɓa jin waƙarmu ta ran Lahadi ba, amma sun san kwanon awonmu sarai.

Akwai aya mai wuya, kada mu tsallake ta. Aya 3 ta ambaci wadata a gidan adali. Wani zai ce, ai mun san masu bi na ƙwarai waɗanda ba su da ko akuya. Gaskiya ne. Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984; bai ƙetare gonar mai addu'a ba. Amma mu ci gaba da karatu. Aya 4 ta yi zancen haske cikin duhu, ashe adali ma yana shiga duhu. Aya 7 ba ta ce mugun labari ba zai zo masa ba. Tsoronsa ne ba zai ci zuciyarsa ba, gama ga Ubangiji ya dogara.

A ganinmu nan ne gindin maganar. Sau da yawa ba mugunta ke rufe rumbu ba, tsoro ne: in ruwa ya ɗauke fa? In baɗi ta yi muni fa? Mai iyali yana da hakkin ya lissafta abincin 'ya'yansa, ba mai zarginsa. Sai dai ya tambayi kansa ko lissafi yake yi ko fargaba. Manzo Bulus ya ɗauko aya 9 cikin 2 Korantiyawa 9:9, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Ikilisiyoyin Makidoniya da ya ba da misali da su cikin sura 8, su kansu cikin matsanancin talauci suke sa'ad da suka bayar.