Kalmar "Tarayya" da Haɗin Kan Ɗarikun Kirista: Misali daga Kwalejin Tauhidi ta Bukuru

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗarikun Kirista masu bambancin aƙida suka haɗu a kan kwaleji ɗaya ta horar da fastoci a Bukuru, kusa da Jos. Ta nuna cewa kalmar Hausa da suka zaɓa wa haɗuwarsu ita ce ta shata iyakar haɗin kan, ta kuma ba shi damar ɗorewa.

1.0 Gabatarwa

Mishan na SUM, wanda aka kafa a 1904, ya ƙunshi rassa daga ƙasashe daban-daban. Mabiya Luta daga Danmak sun zauna a Numan a 1913. 'Yan'uwa daga Amurka, waɗanda mishan nasu daban yake, sun sauka a Garkida a 1923. A 1955 majami'un SUM suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda ta koma TEKAN daga baya, kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa na cikin membobinta. Kwalejin TCNN ta fara karatu a 1959 ƙarƙashin shugabancin Harry Boer.

2.0 Tarayya da Haɗaɗɗiya

A Hausa, masu tarayya a kan abu ba sa rasa matsayinsu. 'Yan'uwa kan yi tarayya a gonar gado, amma kowa da gidansa da rumbunsa. Haɗaɗɗiya kuwa abu ce da ta riga ta curu wuri guda. Shi ya sa majami'ar HEKAN, wadda ta tattara 'ya'yan waɗannan ɗariku da suka yi ƙaura zuwa birane irin su Kaduna, take amsa sunan haɗaɗɗiya.

Kwalejin Bukuru ta bi tafarkin tarayya. Ɗalibin da majami'arsa ke yi wa jarirai baftisma yakan zauna aji ɗaya da na Ekklesiyar 'Yan'uwa, inda ake jira sai mutum ya yi hankali. Bayan kammala karatu, kowa yakan koma majami'arsa ta naɗa shi bisa ƙa'idarta.

3.0 Iyakar Haɗin Kan

Ba kowa ya gamsu da wannan tsari ba. Majami'ar Tibi ta NKST ta ji tsoron kada aƙidarta ta gauraya, sai ta buɗe tata kwaleji a Mkar a 1971, ba tare da ta fice daga tarayyar ba. ECWA kuma tana da nata makarantun a Igbaja da Jos.

4.0 Kammalawa

Hausa ce ta raɗa wa haɗin kan suna, amma da Ingilishi ake koyarwa a kwalejin, alhali fastoci da yawa da Hausa suke wa'azi. Saboda haka akwai aiki a gaban manazarta: su bi diddigin kalmomi irin su alheri da ceto da tuba, su gano ko ma'ana ɗaya kowace ɗarika ke ba su a kan mumbari.