Me Ya Sa Jirage Biyu Ƙirar Airbus A320 Ba Sa Shan Mai Daidai?

Jirage biyu za su iya fitowa daga masana'anta ɗaya, ƙira ɗaya, su ɗauki kaya iri ɗaya, su bi hanya ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya shan mai. Kamfanonin jirage sun san da haka, shi ya sa kowane jirgi yake da nasa lissafi.

Tun daga masana'anta

A da, wanda ya sayi A320 yakan zaɓi inji: ko CFM56 ko V2500. A sabon samfurin A320neo kuma zaɓin tsakanin LEAP-1A ne da PW1100G. Wasu jiragen suna da lanƙwasasshen bakin fiffike da Airbus ke kira Sharklet, wanda ke rage shan mai da kusan kashi 4 cikin 100 a doguwar tafiya. Yawan kujeru da kayan kicin ɗin jirgi su ma suna canza nauyi.

Bayan an fara aiki

A nan bambancin ya fi fitowa. Ƙura tana shiga inji, ta manne a farfelolin da ke matse iska, ta riƙa cin bakinsu a hankali. Sai injin ya buƙaci ƙarin mai da ƙarin zafi kafin ya ba da ƙarfin da yake bayarwa yana sabo. Jirgin da ke yawan tashi daga Kano ko Yamai cikin hazon hunturu ya fi wanda ke aiki a wuri marar ƙura saurin gajiya. Wanke cikin inji da ruwa yana dawo da wani ɓangare na ƙarfin, sauran sai an yi babban gyara.

Jikin jirgin ma yana tsufa. Faci, fentin da ya yi kaushi, da robar bakin ƙofa da ta saki duk suna ƙara jan iska. Nauyi kuma yana ƙaruwa da gyare-gyare, don haka dokar Turai ta ce a sake auna jirgi duk bayan shekara 4 idan ana amfani da nauyinsa shi kaɗai.

Yadda kwamfuta ke ganewa

Kwamfutar jirgi tana ɗauke da bayanan sabon jirgi ne. Injiniyoyi suna tattara bayanan shan mai yayin da jirgin ke tafiya a sama, su kwatanta da na masana'anta, su fitar da wata lamba da Airbus ke kira PERF. Idan aka shigar da +2, kwamfutar za ta ƙara kashi 2 cikin 100 a hasashen shan mai. Idan lambar ta yi ƙasa da yadda ya kamata, matuƙi zai sauka da man da bai kai abin da allo ya nuna masa tun farko ba.

Haka abin yake a waya. Mai sayen ta hannu kada ya tsaya ga sunan samfuri kawai. Ya duba lafiyar batir, ya kuma gwada ko tana saurin ɗaukar zafi.