Amsoshin Tambayoyinku: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Iyali a Yawon Buɗe Ido Cikin Jirgin Ruwa?

Jiragen ruwa na yawon buɗe ido a Bahar Rum sukan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, yawanci na kwana 7. Ta yamma takan tashi daga Basalona ta ratsa Marsai, Janowa da Nafoli. Ta gabas kuma takan tashi daga Atina ta zaga tsibiran Girka, wani lokaci har Santambul.

Ga mai sauraron da ya aiko da wannan tambaya, abin dubawa shi ne wahalar sauka a kowane zango. A hanyar yamma, tashar da ake sauka don zuwa Roma tana da nisan kusan kilomita 80 daga birnin, wato yara za su sha zaman mota kafin su ga komai. A tsibirin Santorini na Girka kuwa, a hanyar gabas, jirgin ba ya matsowa gaɓa. Ƙananan jiragen ruwa ne ke fito da mutane, sannan a bi dogon layin motar da ke tafiya a kan waya, ko a taka matakala kusan 600. Tsoho mai ciwon gwiwa zai ji jiki, balle a zafin watan Agusta.

Ban da Turkiyya, inda Santambul take, ƙasashen duk suna buƙatar bizar Shengen ga mai fasfon Najeriya ko Nijar. Wanda ya fi damuwa da abincin halal yana da zaɓi na uku: jirgin Aroya na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a 2024, babu giya babu caca.

Iyali mai ƙananan yara da tsofaffi, hanyar yamma ta fi masa sauƙi.