Hoton da ke amsa wa mai kallo

Yara, ku duba taswirar Nijar da ke rataye a bangon aji. Ku taɓa ta, ku yi mata magana. Ba ta motsi, ba ta amsawa. Amma in kaka tana tatsuniya da dare, kuna amsa mata, kuna dariya, ita kuma tana ƙara wa labarin gishiri saboda ku. Yau za mu ga yadda aka koya wa hoto halin kaka.

Sai da hoto ya fara motsi tukuna. A ƙasarmu, Mustafa Alasan ne ya buɗe wannan hanya. An haife shi a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai. Tun yana yaro yana nuna wa mutane wasan inuwa da fitila. Daga baya ya tafi Kanada, inda ya ƙaro sani wajen Norman McLaren. A 1966 ya yi wani gajeren silima a kan Sim, shugaban ƙasar kwaɗi. Da hannu ya zana kwaɗin, hoto bayan hoto. In hotuna 24 suka wuce cikin daƙiƙa ɗaya, ido sai ya ga motsi. Ya shekara 15 yana shugabancin sashen silima a Jami'ar Yamai. Ya rasu a 2015.

Kwaɗin Mustafa suna tsalle, amma ba su san kana kallonsu ba. Ko ka yi ihu, tafiyarsu za su yi.

Can a Amurka, a watan Nuwamba na 1980, wasu masu fasaha biyu, Kit Galloway da Sherrie Rabinowitz, sun gwada wani abu daban. Sun kafa babban allon telebijin a bakin titi a birnin Niyok, sun kafa wani a Los Anjalas. Tsakanin biranen kusan kilomita 4,000 ne. Tauraron ɗan adam ya haɗa su. Ba a yi wa kowa shela ba. Masu wucewa suka ga mutanen wancan gari tsaye a gabansu, suna jin muryarsu. Aka yi ta gaisawa, ana waƙa. Kafin dare na uku, mutane sun kira danginsu na nesa su zo gaban allon a ga juna. A nan masu kallo su ne abin kallo.

Irin wannan aiki ana karatunsa a jami'a. Jami'ar Niyok ta buɗe masa sashe tun 1979. Ɗalibi yana koyon zane da haɗa launi. Yana koyon rubuta wa kwamfuta umurni. Yana koyon haɗa ƴan wayoyin lantarki da na'urar da ke jin taɓi, ko sauti, ko haske. Yana kuma koyon yadda saƙo ke bin intanet daga wannan waya zuwa waccan.

A ganina, abin da ya fi wuya shi ne sanin mutumin da zai riƙe abin. A ce an sa ka tsara wasan dara a wayar salula, don wani yaro a Haro Banda ya kara da ɗan'uwansa a Tawa. Ina za ka sa gurabe? Yaya wanda bai iya karatu ba zai gane cewa shi ne da wasa? In wuta ta ɗauke, ko layi ya yanke, wasan ya ɓace ke nan? Ɗalibi zai zana allon a takarda, ya ba mutane su gwada. Ba ya cewa uffan, kallo kawai yake yi. Inda hannunsu ya tsaya, nan kuskurensa yake. Sai ya koma ya gyara.

Ku tuna da wasannin da ke cikin wayar yayyenku. Nawa ne ke magana da Hausa ko Zabarmanci? Ni dai na duba tawa jiya, ban samu ko ɗaya ba.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin taswirar bango da tatsuniyar kaka?
2. Hotuna nawa Mustafa zai nuna cikin daƙiƙa 5?
3. Me ya sa ɗalibi ba ya magana in ana gwada aikinsa?

Aiki
Ku zauna bibbiyu. Kowa ya zana allon dara a takarda, ba tare da rubutu ba. Ya sa alamar da ke nuna mai wasa. Ku yi musanya, ku ga ko abokinku zai gane.